Auta Ta Ce

Tun kafin ka hango rumfar za ka ji ƙarar injin. Rumfa ce ta kwano a ƙarshen layin da ya bi ta bayan makarantar firamare, da benci biyu a gaba, da bokitai da robobi jere kowanne da alamar mai shi, wani an ɗaura masa tsumma a hannu, wani an ƙona masa baki da wuta. A nan matar da kowa ke kira Mai Inji ta yi fiye da rabin rayuwarta. Doguwa ce mai faɗin kafaɗa, gari ba ya rabuwa da girarta. Shekara da shekaru tana gasa da ƙarar injin niƙa har muryarta ta saba, ko sannu ta ce maka sai ka ɗauka faɗa take yi.

Su biyu ne a wurin mahaifinsu, ita da ƙanwarta da ake kira Auta. Uwarsu ta rasu Auta tana rarrafe. Baba kuwa maigadi ne a wani sito, in ya fita da safe sai yamma. Saboda haka Mai Inji ta ajiye jakar makaranta tana aji biyar, ta ɗauki zanen goyo. Ita ta koya wa Auta tafiya, ita ta cire mata haƙorin farko da zare, ita ta riƙa raka ta makaranta tana tsayawa a bakin ƙofa har sai ta ga an shiga aji. A lokacin ba ta taɓa yi mata gori ba. Gorin daga baya ya zo.

Mai Inji ta auri wani bakanike, mutum mai sanyin hali da magana ke yi wa nauyi. Shi ya harhaɗa mata injin daga tarkacen gareji, ya kafa mata shi a ƙofar gida. Ta haifi 'ya mace, Ummi, da maza biyu a bayanta.

Wata rana wata mata mai jaka a kafaɗa ta tsaya a rumfar tana jiran a gama mata niƙa. Ta ga Mai Inji ta sunkuya ta ɗaga buhun hatsi ita kaɗai, ta ɗora a kan teburi ko nishi ba ta yi ba.

"'Yar'uwa, irinki ake nema," in ji matar. "Aikin kula da tsofaffi ne a ƙasar waje. A ɗaga su, a yi musu wanka, a ba su abinci. Kina da takardar gama sakandare?"

Mai Inji ta ce babu. Matar ta ce to, ba hali ke nan. Har ta ɗauki robarta za ta tafi, sai Mai Inji ta ji bakinta ya ce, "Amma ƙanwata tana da ita."

Haka Auta ta tafi. Mai Inji da kanta ta shirya mata akwati, ta yi kuka a tasha har mayafinta ya jiƙe. Sai dai a hanyar komawa gida wani tunani ya zo ya zauna mata a ƙirji, bai kuma tashi ba: ƙarfinta aka gani, aka ɗauki wata.

Bayan tafiyar Auta ne siyasa ta sami Mai Inji a rumfa. Duk matar unguwa sai ta biyo ta wurin niƙa, don haka babu wanda ya kai Mai Inji sanin wa ta haihu, wa mijinta ya rasa aiki, wa ba ta ga maciji da wa. Wani mai sayar da siminti da ke neman kansila ya lura da haka. Ya zo da kansa ya zauna a bencin nan, ya kira ta Yaya, ya ce yana son ta riƙe masa mata. Ta riƙe masa kuwa. Ran taro ita ke cika motoci, ita ke zama a gidan gaba, ita ke rabon atamfa da sabulu, kuma ba a taɓa cewa ta danne na kowa ba. Da ya ci zaɓe aka naɗa ta shugabar mata ta mazaɓa. Ran da aka fara kiran sunanta a lasifika, "Shugabar mata, Mai Inji!", sai da tsigar jikinta ta tashi.

Ba ta ɗauki abin da wasa ba. Ita ta tsaya har aka gyara famfon layinsu. Ita ta samar wa ɗan wata bazawara aikin shara a sakatariya. In an kama ɗan wani, ita ake bugawa ƙofa ta buga wa Kansila waya. Fahimtarta game da siyasa guda ce: ka san wanda ya san wani, ka iya roƙo, ka iya godiya. A nan ta samu abin da ba ta samu a makaranta ba, kuma tana ganin ko Auta da ke hawa jirgin sama ba ta da shi.

Da farko wayar Auta ba ta wuce ƙorafin sanyi da kewar gida. Daga baya hirar ta soma canza launi. Wata ranar hutu ta kira Baba, wanda ya bar aiki ya dawo zama a gidan Mai Inji, ta ba shi labari Mai Inji na ji daga tsakar gida. Wai hukumar garin da take ta soke motar haya da ke tsayawa a ƙofar gidan tsofaffin da take aiki. Sai ma'aikata da tsofaffin suka ɗunguma zuwa zaman majalisar garin. Wata tsohuwa a keken guragu, wadda Auta ke turawa, ta ɗaga hannu aka ba ta dama, ta wanke shugaban majalisar tas a gaban jama'a.

"Ba a kama ta ba?" in ji Baba.

"Wa zai kama ta, Baba? Tsaye ya miƙe ya ba ta haƙuri. Ba a jima ba motar ta dawo."

Baba ya riƙe baki. Da yamma ya ja kujerarsa ƙofar gida, duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ba shi labarin tsohuwa mai keke. Kafin mako ya zagayo labarin ya gama unguwa, har an ƙara masa gishiri, wasu na cewa shugaban durƙusawa ya yi.

Akwai wata Mai Kitso a layin, ƙawar Auta tun suna yara, wadda kuma ita ce hannun daman Mai Inji a harkar tara mata. Auta ta soma turo mata saƙon murya. Mai Kitso sai ta ajiye wayar a kan cinya tana kitso, mata suna saurare. Maganar duk a kan ƙaramin asibitin unguwa take, wanda aka buɗe da kiɗa da jawabai aka kuma rufe bayan wata biyu don ba a turo ungozoma ba. Yanzu awaki ke kwana a barandarsa. Duk matar da naƙuda ta kama sai an nemi mota zuwa can tsakiyar gari, kuma akwai wadda ta haihu a hanya jaririn bai zo da rai ba.

Wata safiya layin niƙa ya yi tsawo, Mai Inji na tura hatsi a bakin inji, sai ta ga mata sun bar bokitansu sun dunƙule a kan Mai Kitso. Wata ta ɗago ta yi mata alama da hannu.

"Yaya, ɗan kashe injin mana, ba ma ji."

"Ba kwa jin me?"

"Auta ce ta turo saƙo."

Mai Inji ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ƙara wa injin wuta har kwanon rumfar na rawa. Matan suka ja da baya zuwa gindin katangar makaranta suka saurara a can. Da suka dawo bakin kowa da magana.

"Auta ta ce asibitin nan ba alfarma ba ne, haƙƙinmu ne."

"Auta ta ce kafin a karɓi atamfar kowa a tambaye shi yaushe ungozoma za ta zo."

Mai Inji ta kashe injin.

"Wace Autar? Autar da na wanke wa kashi? Ita ce yau take koya muku siyasa? To in famfo ya lalace ku buga mata waya ta turo muku ruwa ta cikinta."

Aka yi dariya, ita ma ta ɗan murmusa. Amma ta lura babu wadda ta ce mata gaskiya ne.

Abin da ya fi ci mata rai a cikin gidanta ya faru. Baba bai taɓa yin katin zaɓe ba. Zaɓe bayan zaɓe tana roƙonsa, tana cewa abin kunya ne a ce mahaifin shugabar mata ba ya jefa ƙuri'a, shi kuwa amsarsa ɗaya ce: duk ɓarayi ne, ba zai ɓata takalminsa ba. Sai ga shi wata safiya ya fito cikin rigarsa ta fita, ya ce wa Bakanike ya ɗauke shi a babur zuwa wurin rajista.

"Baba, lafiya?" in ji Mai Inji.

"Kati zan yi."

"Yau kuma? Me ya faru?"

"Auta ta ce wanda bai zaɓa ba, an zaɓa masa."

Ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallonsu har babur ɗin ya sha kwana. Ita ke dafa masa abinci ba gishiri saboda hawan jini. Ita ke yanke masa farce, ita ke shafa masa man zafi a gwiwa. Maganar da ta yi shekaru tana faɗa masa da bakinta, a gabansa, ba ta shiga ba. Wata ta faɗe ta daga bayan teku, ta shiga a take.

Ranar ta yi wa Auta kiran bidiyo da kanta, abin da ba ta saba ba. Ta same ta a lokacin hutun cin abinci, sanye da rigar aiki shuɗiya, ga farin bango a bayanta tas kamar ba a taɓa jingina da shi ba.

"Yaya! Yau da ni ake yi?"

"Ke nake nema. Me kike zuga mini mata a kai?"

"Haba Yaya, wace zuga? Tambaya kawai na ce su yi."

"Tambaya a bakinki ba wuya, tunda in abin ya ɓaci ba ke za a daina gaisarwa ba. Kin san wahalar da na sha kafin Kansila ya san sunana?"

"Yaya, shi ya kamata ya sha wahala kafin ki san sunansa."

 Abin da ya ƙara ƙona wa Mai Inji rai ke nan, yarinyar ta iya jera magana, kowace kalma a gurbinta kamar an goge. Ta ce niƙa na jiranta, ta kashe wayar.

Zaɓe na matsowa, Mai Kitso da wasu mata suka shirya taro a makarantar firamare, wai 'yan takara su zo su amsa tambayoyin jama'a. Ba a taɓa yin haka a unguwar ba. Mai Inji ta je ta samu Kansila ta ce kada ya je, tarko ne. Ya ce shi ma bai so ba, amma abokin hamayyarsa, wani tsohon hedimasta, ya riga ya amsa, in shi bai je ba za a ce tsoro ya ji.

Ajin ya cika har tagogi. Manya suka matse a bencin yara, gwiwoyinsu na dukan teburi. A gaba aka ajiye kujeru biyu na 'yan takara, a tsakiya teburin malami. Kan teburin aka jingina waya da jug ɗin ruwa, aka haɗa ta da ƙaramar lasifika. Auta ce a ciki, ta nemi a canza mata ranar aiki don taron. Mai Inji ta shigo cikin atamfar jam'iyya, ta ga babu kujerar da aka ware mata. Waya na kan teburi, shugabar mata na tsaye a jikin allo.

Hedimasta ya yi magana doguwa da ba ta ƙayatar ba. Kansila ya yi tasa, ya lissafa famfo da kwalbati. Da aka buɗe tambaya sai kowa ya hau kallon na kusa da shi. Can sai aka ji ƙarar sanda. Baba ne ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ni tsoho ne, ba haihuwa zan yi ba. Amma ina da jika mace. Asibitin nan, yaushe awaki za su tashi mutane su shiga?"

Ajin ya ɗauki tafi da dariya. Kansila ya share gumi ya ce maganar tana sama, ana kan bi. Daga wayar Auta ta ce, a ladabce, ko zai iya faɗa wa jama'a wane ofishi ne saman, don su taya shi bi. Aka sake tafi. Wata daga taga ta yi guɗa.

Mai Inji ba ta san lokacin da ta baro jikin allo ba.

"Ku dakata! Ni ma ina da tambaya, amma ba ga Kansila ba. Ga waccan ta kan teburi." Ta nuna wayar da yatsa. "Ke, kina da ƙuri'a a nan? Ran zaɓe za ki bi layi a rana? In ruwa ya ci layinmu ƙafarki za ta taɓa shi? Mu da muke nan muna shan wuya mu ne jahilai, ke da kika gudu ke ce mai hankali?"

 Hoton Auta ya ɗan tsaya, ko sadarwa ce ko ita ce ta daskare, ba wanda ya sani. Sannan ta ce, "Yaya, ban gudu ba. Ke kika tura ni."

Wani ya ce, "Ash." Baba ya sunkuyar da kai. Mai Inji ta ja mayafinta ta ratsa mutane ta fita, tana ji a bayanta an ci gaba da taron kamar ba abin da ya faru. A gida Bakanike ya same ta tana wanke kwanukan da aka riga aka wanke. Ya dube ta ya ce, "Da kin bari." Iyakar abin da ya ce ke nan, ita kuwa ta yini ba ta yi masa magana ba.

Ta yi wa Kansila aiki a zaɓen nan fiye da kowane lokaci. Gida gida ta bi, har muryarta ta dushe. Ba don ta yarda ya fi Hedimasta ba. A ranta ta san maganar asibitin gaskiya ce, ita ce ma ta riƙe hannun matar da ta haihu a mota. Amma in Kansila ya faɗi, Auta ce ta ci, wannan kuwa ba za ta iya haɗiye shi ba. Mata suka karɓi atamfa suka yi godiya, wasu kuwa suka ce ta bar shi kawai, wanda a da ba a taɓa yi mata ba.

Ran zaɓe layi ya kai har bakin famfo. Tsofaffin da ba su taɓa fitowa ba suka fito. Matan da 'ya'yansu ko mazansu ke waje suka zo da wayoyi a hannu, ana ta nuna wa na can tawadar da ke yatsa. Ummi ma, wadda wannan ne zaɓenta na farko, ta fito daga rumfar zaɓe ta ɗauki hoton yatsanta.

"Wa za ki tura wa?" in ji uwar.

"Anti Auta."

"Wa kika zaɓa?"

Ummi ta yi dariya. "Umma, sirri ne fa."

Ba ta buƙaci a faɗa mata wa ya koya wa yarinyar wannan amsa ba.

Kansila ya ci, da ƙyar, da ƙuri'un wasu unguwanni. Amma a akwatin makarantar firamare, akwatin shugabar mata, Hedimasta ya ba shi kashi. Mai Inji ta zauna tana jiran kira, ko na faɗa ne. Shiru. Sai bayan an rantsar da shi, wata rana da hantsi, motarsa ta tsaya a gaban rumfar. Murna ta kama ta. Ta kashe injin, ta karkaɗe benci da gefen zaninta, ta aika a sayo lemo mai sanyi.

Ya zauna, ya tambayi Baba da yara, ya yaba ƙoƙarinta. Ya juya kwalbar lemon a hannu, sannan ya ce, "Yaya, wata alfarma na zo nema. Lambar ƙanwar nan taki nake so."

"Auta?"

"Ita. Kin ga yanzu mutanen nan na waje su ke juya gidaje. Kowane gida da mai ɗa a can, abin da ya faɗa shi ake yi. Ina son in kafa kwamitin tuntuɓa da su, ita nake so ta shugabanta. Ke kuma sai ki taya ni lallashinta."

Mai Inji ta dube shi. Shekarun da ta yi tana cika masa motoci, ko sau ɗaya bai taɓa cewa yana son jin ra'ayinta ba. Ta karanto masa lambar da ka, don ta haddace ta tun ranar da Auta ta fara kira. Ya rubuta, ya yi godiya, ya tafi ya bar lemon ko rabi bai sha ba. Ta ɗauka ta shanye, tunda ita ta saya.

Auta ta ƙi kwamitin, ta ce ita ba ta kowa ba ce. Wannan ma ya ba Mai Inji haushi: kujerar da ita za ta yi rawa a ba ta, wata ta ture da ƙafa, unguwa kuma na ta yaba mata.

Ba a jima ba jam'iyya ta naɗa sabuwar shugabar mata, wata ƙanwar matar Kansila. A bakin masu niƙa Mai Inji ta ji.  Sannan wata safiya ta rufe rumfa, ta ɗaura ɗankwali, ta je ta tsaya a ƙofar Mai Kitso, wadda rabonsu da magana tun ranar taro.

"Wannan zaman naku na sauraron waya ba zai kawo ungozoma ba. Kun san ofishin da takardar take? Kun san ranar da shugaban sashen lafiya ke zama? Kun san ƙofar da yake bi in yana gudun mutane? To ni na sani. Tara mini mata."

Motoci uku ta cika, ta zauna a gidan gaba. A sakatariya ta raba matan biyu, rabi a babbar ƙofa, rabi a ƙofar baya wurin da ake ajiye motoci. A ta bayan suka tare shi. Mai Inji ta buɗe muryar nan tata ta inji, ta faɗa masa sunan matar da ta haihu a hanya da abin da ya faru da jaririn, har ma'aikata suka leƙo ta tagogi. Ba ta roƙa ba, ba ta yi godiya ba. Suka koma, suka sake komawa, har mutumin ya gaji da ganinsu. Kafin damina ta fita aka kori awaki, aka yi fenti, aka turo ungozoma biyu.

Ran da aka buɗe asibitin wani ɗan jarida na gidan rediyo ya zo ya tambayi matan yadda aka yi. Mai Inji na tsaye a gefe ta gyara mayafi tana jira. Sai ta ji wata ta ce, "Ai wata 'yar'uwarmu ce a ƙasar waje ta buɗe mana ido. Ga ma yayarta can, ita ma ta taimaka."

Ita ma ta taimaka. Da wannan ta koma gida.

Da yammar ranar Auta ta kira ta, karo na farko tun taron makaranta. Ba a wurin aiki take ba. Wani ɗan ɗaki ne da gado ya cinye rabinsa, ga kaya rataye a bayan ƙofa. Ta rame, kuma tana magana tana dafe ƙugu.

"Yaya, na ji abin da kika yi. Wallahi ni ba zan iya ba."

"Uhm."

"Kin san abin da kika faɗa ran nan gaskiya ne? Ba ni da ƙuri'a a can wurinku. A nan ma ba ni da ita, baƙuwa ce ni. Ran da muka je majalisar nan, keke kawai na tura, ba ni da bakin magana. Surutu ne kawai nawa. Ke kuwa kina da yatsa, kina da mutane."

Mai Inji ta ga hannun ƙanwarta duk ya tsattsage da ruwan wanki, tausayi ya kama ta har ta ce ta riƙa shafa mai, ta daina ɗaga tsofaffi ita kaɗai. Suka yi hira mai tsawo, har da dariya. Amma da ta ajiye wayar sai ta ce a ranta, ji yarinyar nan, ko kukan rashi za ta yi sai ta tsara shi ya fi na kowa daɗin ji.

Shekara ta zagayo Ummi ta gama makarantar koyon jinya. Wata rana tana taya uwar tankaɗe ta ce, ba tare da ta ɗago ba, Anti Auta ta samo mata gurbi a inda take aiki. Mai Inji ta ajiye rariya. Ta ce ba inda za ta, asibitin da aka sha wahala aka buɗe ma'aikata yake nema. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ce an ƙwace mata uba an ƙwace mata unguwa, yanzu kuma 'ya. Baba ya sa baki, Bakanike ya yi shiru irin nasa mai nufin ya yarda. Daga ƙarshe ita ta gaji ta sakar musu.

A tasha ta riƙe hannun Ummi ta ja ta gefe, nesa da kowa.

"Saurara. In kin isa, ni za ki fara kira. Ba kakanki ba, ba ubanki ba, ba Mai Kitso ba. Kuma duk abin da kika gani a can, na majalisa ne ko na mene ne, ni za ki fara faɗa wa, ni zan faɗa wa mutane. Kin ji ko?"

"Na ji, Umma."

Ummi ta cika alkawari. Washegari da rana wayar Mai Inji ce ta fara ƙara a gidan. Ta goge hannu da sauri ta ɗauka. Yarinyar ba ta sayi layin waya ba tukuna, don haka da wayar antinta ta kira, su biyu suka cika hoton, kunci a jikin kunci, Ummi sanye da wata rigar sanyi ja da ba uwarta ta saya mata ba.

"Umma, mun iso lafiya!"

"Madalla," in ji Mai Inji. "Ke Auta, ɗan matsa mana in ga 'yata."